Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Ƙofar Siriyal Buɗewa a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da inbatan hasken rana, ko sikelin awo, ko injin buga rasit a nan Yamai, ya san lokacin da ake danna maɓallin haɗawa sai manhaja ta ce ta kasa buɗe COM3, wato sunan da Windows ta ba ƙofar siriyal, hanyar da bayanai suke bi tsakanin kwamfuta da na'urar. Tsarin RS-232 da waɗannan na'urori suke magana da shi tsoho ne, tun 1960 aka fito da shi a Amurka, amma kwamfutocin hannu na yanzu sun daina zuwa da ramin nan mai tsinke tara, don haka kusan kowa ta adaftar USB yake bi.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a raba matsala biyu da mutane suke cakuɗawa. Akwai ƙin buɗewar ƙofa, akwai kuma ƙofar da ta buɗe amma na'ura ta yi shiru. Buɗe ƙofa harka ce tsakanin manhaja, da tsarin kwamfutar, da adafta. Na'urar da ke ɗaya bakin wayar ba ta da hannu a ciki, domin ko a kashe take, ko ma ba a jona ta ba, ƙofar za ta buɗe muddin adaftar lafiyarta ƙalau. Wanda saƙon kuskure ya fito masa tun a wajen buɗewa, ya kama canza saurin bod (saurin aika bayanai ta waya) ko kwance inbata, yana neman allura ne a inda ba ta faɗi ba.

Mataki na farko shi ne a karanta saƙon kuskuren a kwafe shi yadda yake. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, kuma saƙo biyu ne suka fi fitowa a Windows. Idan ta ce «Le fichier spécifié est introuvable», ƙofar da aka kira babu ita. Idan ta ce «Accès refusé», ƙofar tana nan amma wani ya riga ya riƙe ta. Maganin wannan daban, na wancan daban.

A ɗauki na farkon. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta devmgmt.msc, sannan a buɗe sashen «Ports (COM et LPT)». Ana kallon jerin, sai a zare adaftar a sake soka ta. Layin da ya ɓace ya dawo shi ne naka, kuma lambar da ke jikinsa ita za a ba manhaja. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa, domin adaftoci da dama Windows takan ba su sabuwar lamba idan aka sauya musu ramin USB, ta yadda abin da jiya yake COM3 yau ya koma COM7, alhali manhajar tana riƙe da tsohuwar lambar.

Idan jerin bai motsa ba sam, kuma ba a ji ƙarar da Windows take yi in an soka sabon abu ba, to laifin na waya ne ko na rami. A gwada wani ramin, a soka kai tsaye ba ta akwatin raba ramuka ba, a kuma hura ramin, domin ƙurar hunturu takan taru a ciki ta hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Sai a sauya wayar. Na taɓa shafe yini a wani shago ina fama da allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri, wanda fitilarsa take ci amma kwamfuta ba ta ganinsa, ashe wayar ta cajin tarho ce kawai, igiyoyin wuta biyu ne a cikinta babu na ɗaukar bayanai. A ido ba a bambanta su, shi ya sa nake ajiye waya guda da na tabbatar da ita, na ɗaura mata jan zare.

Wani lokaci kuma adaftar takan bayyana, amma da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, ko a ƙarƙashin na'urorin da ba a gane ba. Wannan matsalar direba ce, wato ƴar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da adafta. Sunan da ke jikin leda ba ya taimakawa, abin nema shi ne ƴar ƙwaƙwalwar da ke ciki. A shiga «Propriétés» na layin adaftar, sannan «Détails», a zaɓi «Numéros d'identification du matériel», a dubi haruffa huɗu da ke bin VID. Lambar 0403 ta FTDI ce, 067B ta Prolific, 10C4 ta Silicon Labs mai yin CP2102, 1A86 kuma ta WCH mai yin CH340 wadda ta cika allunan Arduino masu araha. Da wannan sai a sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, a guji shafukan da ke tara direbobi barkatai. Tsofaffin samfuran PL2303 na Prolific da na jabu sukan nuna kuskuren «Code 10» da sababbin direbobi. Wasu sukan yi dabarar mayar da tsohon direba, amma sabuntawar Windows tana iya rushe dabarar dare ɗaya, don haka a ganina sayen wata adaftar ya fi kwanciyar hankali ga wanda aikinsa ya dogara da ita.

Yanzu saƙo na biyu, wanda ya fi ruɗa mutane. Kalmar «Accès refusé» takan sa a zaci izinin mai gudanarwa ake nema, sai a yi ta sake buɗe manhaja da wannan izini ba tare da wani canji ba. Gaskiyar lamarin ita ce Windows manhaja ɗaya tak take bari ta riƙe ƙofar siriyal a lokaci guda. A rufe tagar sa ido ta Arduino IDE idan da wata manhajar ake son shiga, a rufe PuTTY ko Tera Term, manhajojin aika rubutu ta ƙofar siriyal, da aka manta a baya, a kuma leƙa ƙananan alamomin da ke kusa da agogo, domin manhajojin kula da inbata sukan tashi tare da kwamfuta su kama ƙofar shiru. Idan ba a ga kowa ba, a danna Ctrl da Maj da Échap domin ganin jerin manhajojin da ke aiki, a nemo kwafin manhajar da ya maƙale bai mutu ba, a kashe shi. Masu rubuta manhaja da kansu su lura da kyau a nan: sau da yawa shirinsu ne ya buɗe ƙofar sau biyu, ko ya faɗi kafin ya kai layin rufewa. Zare adaftar a mayar yakan saki ƙofar, amma gyaran gaskiya shi ne a rubuta shirin ta yadda zai rufe ta ko da kuskure ya auku.

Akwai wani tarko ga lambobi daga goma zuwa sama. Shirin da ke kiran Windows kai tsaye dole ya rubuta sunan a siffar \\.\COM10, in ba haka ba za a ce masa babu ƙofar, wasu tsofaffin manhajoji kuma ƙananan lambobi kawai suke nunawa. A koma «Propriétés» na adaftar, a shiga «Paramètres du port», a danna «Avancé», a mayar da adaftar kan ƙaramar lamba da babu mai amfani da ita.

Ga masu Linux, ƙofar fayil ce, galibi /dev/ttyUSB0 ko /dev/ttyACM0, kuma umarnin sudo dmesg bayan an soka adafta zai nuna sunan da ta samu. A nan ƙin izini da gaske ƙin izini ne. A Ubuntu da Debian sai mutum yana cikin rukunin dialout, ana shigar da shi da sudo usermod -aG dialout $USER, sannan dole ya fita daga asusunsa ya sake shiga kafin abin ya kama. Idan an ce ƙofar tana hannun wani, sudo lsof /dev/ttyUSB0 zai faɗi ko wane ne. A Ubuntu 22.04 kuma manhajar brltty, wadda aka yi domin na'urorin karatun makafi, takan ƙwace adaftar CH340, sai ƙofar ta bayyana ta ɓace nan take. Wanda ba ya bukatarta yana iya cire ta.

Idan ƙofa ta buɗe amma ba a samun amsa, a fara wanke adaftar daga zargi. A cire ta daga na'ura, a haɗa tsinke na 2 da na 3 da guntun waya, a buɗe PuTTY a buga haruffa. Na 3 ne ke aikawa, na 2 ke karɓa, don haka idan haruffan suka dawo kan allo, kuma suka daina dawowa da aka cire guntun wayar, adafta da direba sun kuɓuta. Daga nan sai a koma littafin na'urar a daidaita saurin bod, wanda ya fi zama 9600 ko 115200, tare da tsarin 8N1, wato yadda ake jera kowane harafi a waya, idan shi aka rubuta. Haruffa masu kama da shirme alamar saurin bai dace ba ce, shiru gaba ɗaya kuma yakan nuna ana bukatar waya mai gicciye, wadda ke kai na 2 zuwa na 3, ko kuma tsinke na 5, wanda ake kira GND, bai haɗu ba.

Kafin a jona komai da ƙaramin allo, a tabbatar da ƙarfin wutar. RS-232 na ainihi yana iya kaiwa bolt 15 sama da sifili ko ƙasa da shi, alhali ƙafafun Arduino bolt 5 ko 3.3 suke ɗauka, kuma haɗa su ba tare da mai sassautawa irin MAX232 ba yana ƙona allo. Inbatoci da yawa kuma RS-485 suke amfani da shi, wanda adaftarsa daban ce, mai igiyoyi biyu A da B. Kamfanoni ba su daidaita kan wace ce A wace ce B ba, saboda haka idan duk saitin ya yi daidai amma inbata bai amsa ba, a musanya igiyoyin biyu a sake gwadawa.