Kafin Injiniya Ya Tafi Aikin Sa-kai a Ƙasar Waje

Injiniyan da zai tashi daga Sakkwato zuwa aikin sa-kai a wata ƙasa, ko ta hanyar shirin TAC da Najeriya ta kafa a 1987 don tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, ko ta shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara shiri wata uku kafin tafiya.

Takardu su ne farko. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, amma idan aikin na shekara biyu ne, gara ka sabunta shi tun a gida. Katin rigakafin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allura, saboda haka kada ka bari sai satin tafiya. Takardun karatu a tantance su a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, ka haɗa da shaidar rajistar COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, da takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Ka ɗauki hotonsu duka ka ajiye a waya da imel.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗauka cewa abin da ya yi aiki a gida zai yi a can. Ƙasar Sakkwato yawancinta yashi ce da laka, ana haƙa burtsatse da injin juyi da ruwan laka. A wurin da dutse ke kusa, sai injin gudumar iska, kuma ruwan yana cikin tsagar dutse ne, don haka binciken ƙasa kafin haƙa ya zama tilas. Ka nemi rahoton rijiyoyin da aka haƙa a yankin tun kana gida: zurfinsu, yawan ruwan da suke bayarwa, da sakamakon gwajin ruwa. Idan ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya gaza 6.5, bututun ƙarfe na famfon hannu samfurin India Mark II zai yi tsatsa da wuri, ruwa ya yi ja, mata su koma rafi. A nan bututun roba irin na famfon Afridev ya fi dacewa.

Haka batun sola. Mu nan ƙura da zafi muka sani, kuma faifan sola yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25. A bakin teku kuwa gishirin iska ke cin ƙarfe da mahaɗar waya, a ƙasashen damina mai tsawo kuma sai an ƙara faifai da batir saboda hadari. Wutarmu volt 230 ce a kan 50 Hz, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Wasu ƙasashen Karibiyan volt 110 a kan 60 Hz suke amfani da ita, kuma injin lantarki mai 50 Hz idan aka sa masa 60 Hz gudunsa na ƙaruwa da kashi 20. Ko a Nijar, daga Illela ka tsallaka Ƙonni, soket ɗinsu mai baki biyu ne zagayayye.

A jaka ka sa mita ta auna wuta, tef na awo, ma'aunin zurfin ruwa, takalmin aiki da magungunanka na wata uku.

Kafin ka zana komai, ka shiga kasuwar garin ka ga kayan gyaran da ake sayarwa. Famfon da robarsa sai an yi odarta daga wata nahiya zai tsaya da zarar ka tafi. Ka nemi makanikin da zai gaji aikin tun satin farko, ku riƙa kwancewa da ɗaurawa tare, ka bar masa zane da jerin kayan gyara cikin harshen da yake karantawa.