Idan Sugan Yaro Ya Ƙi Zama a Kan Famfon Insulin

Famfo, wato ƙaramar na'urar da ke tura insulin ta siririn bututu zuwa jikin yaro mai ciwon suga, insulin mai saurin aiki kaɗai yake bayarwa, yana ɗiga shi kaɗan-kaɗan dare da rana. Babu insulin mai dogon zango a jikin yaron da zai riƙe shi idan wannan ɗigon ya tsaya. Shi ya sa toshewar bututu ta 'yan awoyi kawai kan iya tara kiton a jini, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan ya koma ƙona kitse saboda rashin insulin, wanda yawansa ke da haɗari. Don haka idan suga ya fara hawa da sauka, kafin a taɓa adadin insulin, a fara zargin hanyar da yake bi zuwa jiki.

Suga ya haura 250 mg/dL, wato kusan 14 mmol/L, ba tare da dalili ba? A auna kiton. Kiton ƙasa da 0.6 mmol/L a jini babu damuwa: a ba da insulin na gyara, wato ƙarin da ke sauko da suga, ta famfo, a sake aunawa bayan awa 2. Idan sugan bai sauka ba, ko kiton ya kai 0.6, kada a sake yarda da famfon. A yi gyaran da allura bisa adadin da likita ya rubuta, a cire kanula, wato ɗan siririn bututun da ke shiga ƙarƙashin fata, a sa sabuwa a wani wuri da sabon bututu da sabon insulin, a riƙa ba yaron ruwa. Kiton ya wuce 1.5, a kira likita nan take. Ya kai 3, ko yaron na amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, asibiti kai tsaye.

Ku duba kanular da kuka cire. Sau da yawa za ku ga bakinta ya lanƙwashe, musamman a yaro siriri marar kitse, kuma famfon bai yi ƙara ba, domin sai matsi ya taru yake sanarwa, a ƙaramin adadi kuwa hakan na ɗaukar lokaci. A ɗaga bututun a haske a nemi kumfar iska. Ga yaron da ke samun ɗan insulin a awa, kumfa mai tsawon ƙumba na iya cinye masa rabon lokaci mai tsawo. A shinshina wajen mahaɗa, insulin yana da wari mai ƙarfi idan ya zuba. Zafi ma yana kashe masa ƙarfi.

Kanula ana canza ta duk kwana 2 zuwa 3, kuma ba dab da barci ba, don a samu awa 2 ko 3 a ga ta kama. A riƙa sauya wuri. A shafa fatar da yatsa: inda aka ji tauri ko kumburi kamar ƙullutu, a bar wurin ya huta. Insulin a irin wannan wuri yau ya shiga, gobe ya ƙi, iyaye su yi ta ƙara adadi a banza.

Faɗuwar suga ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9, ana gyara ta da gulukos gram 0.3 ga kowane kilo na nauyin yaro. Mai kilo 20 gram 6 ke nan, ba kofi cike ba. A jira minti 15 a sake aunawa. Tsoro ne ke sa a ɗura masa zaƙi, sugan ya yi sama, a bi shi da insulin, ya sake faɗuwa. Yawancin lilon da ake gani daga nan yake. Haka ma jera gyara: insulin yana aiki awa 3 zuwa 4, famfon yana lissafa wanda ya rage a jiki, kada a tsallake lissafinsa. Idan yaro ya suma ko yana jijjiga, ba a sa masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefensa, a dakatar da famfon, a ba shi gulukagon, maganin gaggawa mai ɗaga suga, a nemi agajin gaggawa.

Insulin na abinci a ba da shi minti 15 zuwa 20 kafin ci, sai dai idan sugan yana ƙasa. Abinci mai maiƙo yana jinkirta hawan suga, sai a shimfiɗa adadin a kan awoyi. Kafin wasan guje-guje a rage ɗigon tun awa ɗaya kafin a fara, a kuma duba shi da dare, domin tsoka na ci gaba da jan suga.

Na'urar auna suga da ke manne a fata tana bin jini a baya da 'yan mintuna, kuma idan yaro ya kwanta a kanta takan nuna faɗuwar ƙarya. Lamba ta saɓa da yanayin yaro, a soki yatsa a auna sugan a jini.

Sai an kawar da duk waɗannan za a koma kan saitin famfo. A tara bayanan aƙalla kwana 3, a nemi abin da ke maimaituwa a lokaci guda, a kai wa likita. Abu ɗaya ake canzawa, kaɗan, a jira wasu kwanaki kafin a taɓa na biyu.