Sauya silindar libarba: wadda ke shiga, wadda ba ta shiga, da abin da ake aunawa

Silinda ita ce ɓangaren bindigar libarba mai juyawa, mai ramukan da ake sa harsasai. Mai ramuka bakwai ba ta maye gurbin mai shida don kawai girmansu ɗaya. Dalili yana cikin juyawa. Mai ramuka shida tana juya digiri 60 duk sanda aka ja kunama, mai biyar digiri 72, mai bakwai kusan 51.4, mai takwas 45. Ɗan yatsan ƙarfen da ke tura haƙoran bayan silinda an yanka shi ne daidai da wannan tafiya, kuma haƙoran suna jikin tauraron da ke fitar da kwanso. Idan aka haɗa yatsan mai shida da haƙoran mai bakwai, ko dai silinda ta wuce wurin tsayawarta, ko ta cije a hanya. Smith & Wesson 686 mai shida da 686 Plus mai bakwai gangar jikinsu iri ɗaya ce, amma duk da haka mai hankali ba ya musanya silindarsu ya ce aiki ya ƙare. Mai takwas ta harsashin .357, wato 627, a kan babbar gangar jiki aka gina ta, ba ta ma shiga.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma gyaranta aikin ma'ajiyar makamai ta hukuma ne. Wannan bayani na ma'aikatan wurin ne, ba na maƙera a kasuwa ba.

Canjin da masana'anta ta amince da shi na nau'in harsashi ne, yawan ramuka na nan yadda yake. Ruger Single-Six tana zuwa da silinda biyu, ta .22 LR da ta .22 Magnum, kuma an daidaita su da wannan bindiga ɗaya tun a masana'anta. Silindar wata bindigar, ko da samfurinsu ɗaya, sai an daidaita ta daga farko.

To idan silinda ta lalace aka kawo irinta, ga abin da ake dubawa. Da farko a buɗe bindiga, a leƙa kowane rami, a fitar da harsasai daga ɗakin baki ɗaya.

A fara da sakata, ɗan ƙarfen da ke tasowa daga ƙasa ya faɗa cikin tsagar jikin silinda ya riƙe ta. A ɗana bindiga a hankali ƙwarai, ana sauraro. Dole a ji sakata ta faɗa tsagarta kafin ɗanawar ta kai ƙarshe. A yi haka a kan kowane rami ɗaya bayan ɗaya, domin haƙori ɗaya kaɗai na iya zama gajere. A hankali ake yi saboda jan sauri yana wurga silinda ta kai wurinta da ƙarfin gudu, ya rufe aibin. Idan sai an taɓa silinda da hannu sannan ta kulle, bindigar ba ta fita aiki. Harsashi zai fito ba a kan saitin bututu ba, ya gogi gefe, ya watsa ɓarɓashin dalma a fuskar mai harbi ko na kusa da shi.

Sai tazarar da ke tsakanin fuskar silinda da bakin bututu na ciki. Ana auna ta da siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna tazarar fulogi. Abin da aka saba nema shi ne inci 0.004 zuwa 0.008, wato kamar milimita 0.10 zuwa 0.20. In ta yi ƙasa da haka, toƙar harbi kaɗan za ta sa silinda ta fara gogar bututu. In ta yi yawa, wuta da ƙarfin harsashi na zurarewa ta nan. A auna sau biyu, silinda a ture gaba, sannan a ja baya. Bambancin awon biyu shi ne wasan silinda, kuma bai kamata ya wuce kamar inci 0.002 ba.

Daga nan a zura sandar gwaji mai kaurin cikin bututu ta gaba, silinda a kulle. Ta shige cikin kowane rami sumul. In ta yi karo da leɓen rami, ramin bai daidaita da bututu ba, kuma goge-goge da zarto ba ya gyara wannan.

A Sakkwato ƙurar hunturu kan yaudari mai awo. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin tauraro ta isa ta hana shi komawa wurinsa, silinda ta yi tauri, a ɗauka sabuwar ce ba ta yi daidai ba. Kafin a yanke hukunci a tura sandar fitar da kwanso, a goge ƙarƙashin tauraron da busasshen burushi. Kada a sa masa mai, mai ne ke kama ƙura. A kuma duba ko sandar ta kwance daga zarenta, domin ita ma tana hana silinda buɗewa.

Silindar da ta faɗi ko ɗaya daga gwaje-gwajen nan a cire ta, a rubuta lambar bindigar da aibin da aka gani a littafin ma'ajiya, a ware bindigar daga waɗanda ake rabawa.