Idan Stockfish ya ƙi faɗin taku nawa ya rage a kama sarki

'Yan uwa masu nazarin wasan ces da kwamfuta, idan allo ya rage sarakuna biyu da kurtu (ɗan wasa mafi ƙanƙanta) ɗaya ko biyu, kada ku bar Stockfish, manhajar da ke lissafin takun wasan, tana ta lissafi ita kaɗai. Galibi kafin a kama sarki sai kurtu ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, kuma hanyar na da nisa: sarki da kurtu ɗaya a kan sarki tilo na iya kai taku 28.

Ku sauko da rumbun Syzygy, wato fayilolin da aka riga aka lissafa sakamakon ƙarshen wasa a cikinsu, na 'ya'ya 3 zuwa 5, bai cika gigabait 1 ba, sannan ku nuna wa manhajar inda yake a gurbin SyzygyPath. Na 'ya'ya 6 ya kusa gigabait 150, yawancinmu ba ma buƙatarsa. Ku ɗauko fayilolin gaba ɗaya, har da na sarauniya, domin rumbun kurtu na dogara da abin da zai biyo bayan kurtu ya zama sarauniya.

Ga inda ake ruɗewa. Syzygy na sanin ci, canjaras ko faɗuwa, da tazarar da ta rage kafin a motsa kurtu ko a ci wani ɗa, saboda dokar taku 50, wadda ta ba da damar neman canjaras idan kowane ɓangare ya yi taku 50 ba a motsa kurtu ko an ci ɗa ba. Ba ya ajiye nisan kamun sarki. Shi ya sa za ku ga takun da ya yi kama da shirme alhali nasarar na nan daram. Mai son ainihin adadin takun, ya nemi rumbun Gaviota ko Nalimov.