Darasi na 9: Daskarewa da Gudaji

Ku karanta a hankali, gaɓa-gaɓa: das-ka-re. Abu mai ruwa-ruwa ne yake daskarewa, wato ya yi tauri gaba ɗayansa. Man shanu yana daskarewa da hunturu. Kitse yana daskarewa a saman romon da ya kwana. Ruwa a firij yana daskarewa ya zama ƙanƙara idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Celsius. Duk waɗannan idan suka ji wuta za su narke.

Yanzu: dun-ƙu-le. Abu ya dunƙule idan ya haɗu wuri guda ya zama curi. Ƙananan curin da ke fitowa cikin tuwo ko kunu su ne gudaji.

A nan ake yawan tuntuɓe. Daskare da k take, marar lanƙwasa. Dunƙule da ƙ take, mai lanƙwasa a kai. Ku faɗi "kafa", sannan ku faɗi "ƙafa". Kun ji yadda maƙogwaro ya matse a ta biyu? Ita ce ƙ ɗin dunƙule. Ku rubuta dunƙule sau 5. Ku ɗora yatsa a kan harafi na huɗu: akwai lanƙwasa? In babu, a goge a sake, ba abin kunya ba ne. Ku sake 5. Masu cewa "ai duk ɗaya ne" su daina, ba ɗaya ba ne, kasala ce kawai. Lanƙwasa a dunƙule, babu ita a daskare.

Me ke kawo gudaji? Idan aka zuba busasshen gari cikin tafasasshen ruwa, bayansa ne ke fara dahuwa ya rufe, cikinsa ya zauna a bushe. Shi ya sa ake talge. A dama gari kofi 1 da ruwan sanyi kofi 2 har ya yi sumul, sannan a zuba cikin tukunya ana juyawa da muciya. Ruwan sanyi, ba mai zafi ba.

Siminti kuwa danshi ne ke sa shi dunƙulewa, kuma wuta ba ta narkar da shi. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Curin da yatsa ya kasa murƙushewa ya mutu, kada a yi gini da shi.

Aikin gida: jimla 2, ɗaya da daskare, ɗaya da dunƙule. Ku duba lanƙwasar kafin ku kawo.