Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ɗaukar wuri da GPS inda babu sabis

Na gaji da jin "GPS ɗina ba ya aiki in babu data" daga masu koyon haɗa manhaja da Ionic, Cordova ko Capacitor. GPS ba ruwansa da data. Sauraron taurarin ɗan Adam kawai wayar take yi. Abin da intanet ke ƙara mata shi ne sauri: ta hanyar A-GPS take sauko da bayanin inda kowane tauraro yake cikin daƙiƙu kaɗan. In babu sabis, dole ta tsinci wannan bayani daga sama, kuma tauraron bit 50 kacal yake turowa a daƙiƙa. Jiran rabin minti shi ne mafi ƙanƙanta, wayar da ta daɗe a kashe kuwa tana iya cin mintuna.

Nan na taɓa ƙona hannuna. Na haɗa wa wata ƙungiya manhajar rajistar rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Na kira getCurrentPosition, umarnin da ke tambayar waya inda take sau ɗaya, na sa timeout, iyakar lokacin jira, 5000, wato daƙiƙa 5, na bar enableHighAccuracy, zaɓin da ke neman wuri mafi daidai, a false (a kashe) yadda ya zo. A ofis kuwa lafiya lau, domin Wi-Fi da turakun sabis ne ke ba wayar amsa, ni kuma ina ta yabon kaina. Ma'aikata suka yi kwana uku a kan babur, suka dawo da hotuna da sunayen masu unguwanni, gurbin wuri fayau. Kuskure mai lamba 3, lokaci ya ƙare, shi ya yi ta faɗowa, ni kuma ban ma rubuta abin da zai nuna musu shi ba. Kuɗin man zagaye na biyu daga aljihuna ya fita.

Maimakon in nutsu, sai na yi gyaran gangar auzinawa. Na ɗaga maximumAge, wato iyakar tsufan wurin da za a karɓa, sama sosai don wayar ta riƙa ba da wurin da ta sani na ƙarshe. Gurbi ya cika kam. Da na ɗora bayanan a taswira, sai ga rijiyoyin ƙauyuka daban-daban sun taru a tashar motar da sabis ya yanke wa ma'aikatan. Gara gurbi fayau da wannan, domin wanda ya ga lamba ba ya tambaya. Kai da ke kwafo lambobi daga intanet kana liƙawa ba tare da ka san aikin maximumAge ba, da kai nake.

Yanzu ga yadda nake yi, wasu ba su yarda da ni ba, su suka sani. Da an buɗe fom nake tayar da watchPosition, umarnin da ke ta bibiyar wuri ba tsayawa, da enableHighAccuracy a true (a kunne), kafin mutum ya gama cike suna wayar ta kama. Ina nuna coords.accuracy, wato mita nawa wurin zai iya kaucewa, ɓaro-ɓaro a fuskar waya, kuma maɓallin ajiya ba ya buɗewa sai ya sauko ƙasa da mita 20. Ina rubuta "Fito waje, ka bar ƙarƙashin kwano", don rufin kwano yana tare siginar, ma'aikaci kuma inuwa yake nema. In an gama a kira clearWatch don tsayar da bibiyar, in ba haka ba batir ya tafi kafin azahar.

Sauran ƙanana ne. Tun Android 6 ake neman izinin wuri lokacin da manhaja ke aiki, daga Android 12 kuma mai waya na iya ba ka wuri na kusa-kusa kawai, sai ka duba wanne ka samu. Taswira ta fito fari ba ya nufin GPS ya gaza, hotunan taswirar ne ke buƙatar intanet, haka ma mayar da lambobi zuwa sunan unguwa. Ajiye bayanai a SQLite, rumbun bayanai na cikin waya, kada ka dogara da localStorage, ƙaramar ma'ajiyar burauza.

Sai GeoJSON, tsarin rubuta bayanan taswira, wanda longitude (gabas ko yamma) yake sawa gaba kafin latitude (arewa ko kudu). Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Juya su ka ga rijiyarka ta koma wajen Ganye a jihar Adamawa, kuma da yake har yanzu cikin Najeriya take, ba lallai wani ya lura ba.

Kafin ka miƙa aiki, cire layi, kashe Wi-Fi, kashe wayar ka sake kunnawa, ka fita fili da agogo a hannu ka ƙirga lokacin da za ta ɗauka kafin ta kama wuri.