Daga Bariki Zuwa Karatun Lauya

'Yan'uwa sojoji 'yan Katsina da Daura da suka dawo daga fagen daga a Arewa maso Gabas sun yi ta tambayata yadda za su karanta lauya bayan ajiye kaki. Ga yadda ake bi:

1. Karɓi takardar sallamarka daga soja, ka adana ta.
2. Duba sakamakonka na WAEC ko NECO: kiredit 5, har da Turanci, Adabin Turanci da Lissafi.
3. In babu Adabin, sake zama jarabawar. Nan ne da yawa ke tuntuɓe.
4. Yi rajistar JAMB. Hattara: sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya da na NIN.
5. Zaɓi jami'a mai tsangayar shari'a, kamar ta Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina.
6. Yi shekara 5 kana karatu na cikakken lokaci. Digirin ƙarshen mako ba ya kai mutum Makarantar Horar da Lauyoyi, kar wani ya ruɗe ka.
7. Bayan digirin, shiga Makarantar Horar da Lauyoyin, shekara 1. Akwai reshenta a Bagauda, jihar Kano.
8. Nemi takardar yafe hidimar ƙasa, tunda ka haura wata 9 a soja.